Ƙasar Gidan Malam Dogara Ta Bushe

In ka shiga unguwarmu a Birnin Kudu ka tambayi wanda ya yi wayarin tsofaffin gidajen nan, kafin ka rufe baki za a ce maka Malam Dogara. Mijin yayata Kulu ne. Ni ce Batulu, ƙanwarta, kuma tun ina yarinya nake faɗa da mutumin nan, irin faɗan ƙanwa da mijin yaya, wanda in ba a yi shi ba yinin bai yi armashi ba. Ya ce mini Batulu bakin reza, in ce masa tsoho mai tsani. Ban taɓa cin galaba a kansa ba, ko da yake ni a gaban mutane nakan ce kunnen doki muke yi.

Ɗan Kwandiko ne, can ƙasar Gwaram, ɗan manoma jikan manoma. Mahaifinsa ya so ya riƙe fartanya. Shi kuwa wata shekara bayan an kai amfani gida sai ya tafi cirani Kano, ya ga wani dattijo yana haɗa wayoyi a bakin shago, ya tsaya kallo. Kallon nan ne ya zama sana'a. Da ya dawo bai koma ƙauye ba, ya zauna a Birnin Kudu saboda a nan turakun wuta suke. Ya auri Yaya, ya samu fili a gindin dutse, ya yi ta ɗora gida ɗaki bayan ɗaki, shi ne magini shi ne lebura. Duk wayar da ke cikin bangon gidan nan da hannunsa ya binne ta.

Wanda bai san shi ba sai ya ce ragon ma'aikaci ne. Ya zo a kan kekensa, tsani a kafaɗa, jakar fata a baya, sukuddireba mai ƙwai a aljihun gaba, amma ba zai taɓa ko waya ɗaya ba sai ya zauna ya sha ruwa. Daga nan ya sa a yi masa iso wurin matar gida. Cewa yake maigida kasuwa ya yini, uwargida ce ta san ciwon wutar gidanta. Me kika gani, me kika ji, kin ji ƙauri? In ta ce soket ya yi baƙi, ya ce waya ce ta sassauta a ciki take zafi. In ta ce ƙwai yana lumshewa da zarar an jona dutsen guga, ya ce an ɗora wa waya ɗaya kayan da suka fi ƙarfinta. Abu ɗaya ne yake sa shi ya ɗaga murya, wato ya buɗe akwatin wuta ya tarar fis ya ƙone an maye gurbinsa da waya mai kauri. "Bawan Allah," in ji shi, "fis ɗin nan mutuwa yake yi don gidanka ya rayu. Kai kuma ka je ka sa wanda ba ya mutuwa. To wa kake so ya mutu?"

Duk wannan bayanin a gidajen mutane yake yin sa. A gidansa bai taɓa yi wa kowa ba, don ba a taɓa tambayarsa ba. Yaya ta tsufa a gidan mai gyaran wuta ba ta taɓa canza ko ƙwan fitila ba. Ita dai ta san firizarta, ta ƙulla zoɓo da ruwan ƙanƙara ta jera, in an kawo wuta ta gode wa Allah, in an ɗauke ta yi tsaki. In wani abu ya lalace sai ta ce, "Malam, abin nan ya tsaya," kafin ta gama girki ya tashi.

Ciwon ya same shi da kaka, ana yankan riɗi. Ya dawo daga aiki, ya sauko daga keke a ƙofar gida, sai ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. Ya kwanta a asibiti, aka yi abin da za a yi, aka sallamo shi ɓarin damansa a shanye, harshe a ɗaure. Mutumin da in ya fara magana sai ka nemi kujera, ya koma sai ido da hannun hagu. Hankalinsa yana nan garas, ka gani a idonsa, amma hanyar fita ta toshe. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin Yaya. Liman ya aiko da wani ɗan dutse mai faɗi ya ce ya dinga taimama da shi yana salla a kwance, Allah bai ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ni maigidana ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana duk sun yi aure, gidana kuma bayan nasu yake, saboda haka can na koma yini. Nakan zauna a bakin ƙofa in yi ta tsokanarsa ko zai rama. Sai ya dube ni, gefen bakinsa ya ɗan motsa, shi ke nan. Wallahi na fi kewar baƙar maganarsa a kan daɗin bakin mutane da yawa.

Da bazara ta shigo, ana shirin azumi, sai firizar ta fara jan mutane. Da farko ɗan tsikari ne kamar cizon cinnaka, Yaya ta ce ƙila hannunta ne da tsaga. Ni ma na taɓa, na ji shi har gwiwar hannu, na ce wannan ba tsaga ba ce. Muka koma buɗe ta da tsumma, muna sa silifas. Rannan da hantsi Yaya ta fito daga wanke-wanke, hannu a jiƙe, ƙafa ba takalmi, ta kama murfin. Ƙararta na ji daga madafi. Na tarar da ita zaune a ƙasa tana riƙe da kafaɗa. Daga ɗaki kuwa Malam Dogara yana ta dukan tabarma da hannun hagu, yana wani gurnani da ban taɓa jin irinsa a bakinsa ba. Ya yi ta nuna ƙofa. Muka ce zafi ne ya dame shi, muka ja katifar bakin ƙofa ya sha iska.

Labari ba ya kwana a unguwarmu. Kafin la'asar ya isa Kano wurin ɗansu na fari, Abdulmuhaimin, mai motocin haya. Yaron kirki ne, ban ce ba, amma tun da ciwon nan ya zo yake neman hanyar kwashe iyayensa zuwa gidansa, yanzu kuma ya samu. Washegari sai ga shi. Yaya ba ta faɗin sunansa, na Kano take cewa, kuma a gabansa ba ta iya ɗaga kai ta yi musu, kunyar ɗan fari ta ɗaure ta. Ni kuwa ba ɗan farina ba ne.

"Inna Batulu," ya ce mini a zaure, "gidan nan ya tsufa, wayoyinsa sun tsufa, mai gyara su yana kwance. Jiya kafaɗa ce, gobe me?"

Na ce, "Gobe ta Allah ce. Kai gidanka na sama, wa zai dinga hawa bene yana gaishe shi? Nan ko wace safiya da wanda zai leƙo. Lasifikar masallacin da yake ji shi ya ɗaura ta."

"Na ji. A gyara. In na dawo bayan salla na tarar tana jan mutane, ba shawara zan zo yi ba, mota zan kawo."

Bayan ya tafi Yaya ta zauna a bakin murhu. Can ta ce, "Batulu, in aka fitar da Malam daga gidan nan ba zai ga damina ba." Ban yi mata musu ba, don ni ma abin da na gani ke nan.

Haka matar mai gyaran wuta da ƙanwarta suka shiga neman mai gyaran wuta, abin da ba mu taɓa yi ba. Ashe abin da wuya. Kowa ka tambaya yana da nasa, kuma kowa nasa ne gwani. Na farko daga bakin tasha aka kawo mana shi. Ya canza soket, ya canza filogi, ya ce a gwada. Da yake an ɗauke wuta a lokacin, ba abin da ya ja kowa, ya tafi ana sa masa albarka. Da aka kawo ta da yamma na ɗora ɗan yatsa, na ambaci sunan Allah da ƙarfi.

Na biyu ya san aikinsa, ba zan zalunce shi ba. Ya dudduba ya ce wayar ƙasa ce ta daina aiki. Ya ce kowane gida akwai sandar ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, a ɗaura mata waya, don in wuta ta ɓalle ta bi nan ta nutse. Ya tambaye mu ina sandar gidan take. Na dubi Yaya, Yaya ta dube ni. Ya bi wayar da ido har inda ta shige bango ta ɓace. Ya ce ba komai, zai fasa nan ya jawo sabuwa ya kafa wata sandar. Ya ɗauko guduma da cizal. Bugu ɗaya ya yi wa bangon, sai ga Malam Dogara ya jawo jiki da gwiwar hannu har dokin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kwanta, hawaye suna bin gemunsa. Yaya ta ce wa mutumin ya yi haƙuri ya tattara kayansa. Na ji haushinta a ranar, har na ce mata to ta zaɓa, bango ko Kano. Ta ce ita dai ba za a fasa masa aiki yana kallo ba.

Azumi ya raba tsakiya muna nan. Firiza a kashe, maƙwabta suna aiko neman ƙanƙara ana mayar da kwanukansu. Sai Yaya ta tuna da Jamaluddeen. Shi ne wanda ya fi daɗewa yana bin Malam Dogara aiki, har ya zama magidanci, daga baya ya koma Gwaram ya kama harkar sola. Rabuwarsu ba ta yi daɗi sosai ba. Ba faɗa suka yi ba, amma Malam ya so ya zauna ya gaje shi, shi kuma ya ga abincinsa yana gaba, daga nan zumuncin ya yi sanyi. Lambar wayarsa a ƙwaƙwalwar Malam take, ba a rubuce ba. Na ce to, matambayi ba ya ɓata, na yafa mayafi.

Da ƙishirwar azumi na shiga motar Gwaram, an matse ni tsakanin buhun gero da wata mata mai kaji. A Gwaram na tambayi masu shagunan kayan wuta, wannan ya tura ni wurin wancan, har na samu shagonsa a kulle. Mai shayin gefe, wanda azumi ya mayar mai zaman banza, ya ce ai Jamalu yana Zandam yana ɗora wa rijiyar burtsatse sola. Na hau babur. Ɗan acaɓan nan ban yafe masa ba har yau, duk ramin da ke hanyar sai da ya gaisa da shi.

Na same shi a kan ƙarfe, ya yi ƙiba, har da furfura a gemu. Da ya gane ni ya sauko yana dariya, ya ce, "Inna Batulu, ina Maigida? Yana nan yana faɗa da masu sa waya a fis?" Na gaya masa. Dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta ba. Ya cire hula ya mayar, ya ce, "Ba wanda ya gaya mini." Na ce kai ma ba ka tambaya ba. Nan take ya tattara kayansa. Ya bar wa abokan aikinsa sauran, ya ɗauke ni a motarsa.

Da muka shiga gida ɗaki ya fara nufa. Ya durƙusa a gaban katifa ya kama hannun hagun Malam Dogara da hannu biyu. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya saki hannun ya kai aljihun rigar Jamalu, ya taɓa sukuddirebar da ke ciki, ya gyaɗa kai. Na fita na ba su wuri, don ni ba na son kuka a gaban maza.

Ya fito ya zauna a tabarma. Ba halin shan ruwa, amma zaman nan na maigidansa sai da ya yi shi. Ya ce, "Inna Kulu, me kika ji, kuma yaushe ya fara?" Yaya ta ba shi labari. Ya jawo firizar daga bango, ya kwanta a bayanta da tocila, can ya kira mu. Ɓera ne ya ci rigar wata waya, tagullar tana gogar ƙarfen jikin firizar. Ya ce ga ɓarawon. Ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

"Da saura," in ji shi. "Cin ɓeran nan ba na bana ba ne, ya tsufa. Ta daɗe tana yoyon wuta, ba ku ji ba ne saboda ƙasa tana shanyewa. Wuta in ta ɓalle hanya mafi sauƙi take nema. In ƙasa da laima sai ta bi sanda, in ta bushe sai ta bi mutum. Gobe wani abin zai lalace, ƙasar kuma ba za ta karɓa ba." Ya juya wurin Yaya. "A ina Maigida yake alwala?"

Yaya ta ce, "Taimama yake yi."

"Kafin ya kwanta."

Ta nuna masa lungun da ke bayan rumbu, inda wani dutse yake wanda Malam yake zama a kai, da ɗan gurbin da yake ajiye buta. Tun da ya kwanta ba mai zuwa wurin. Mu mata a bakin madafi muke tamu alwalar. Har tsohuwar tabarma da karan dawa mun tara a kan dutsen. Jamalu ya kwashe su, ya sa hannu ya tona gefen dutsen, ƙasar tana tashi kamar garin da aka tankaɗe. Bai yi nisa ba sai ga kan sandar, da wayarta a ɗaure.

Ya zauna a kan dugadugansa ya ce haka Maigida yake yi a duk gidan da ya yi wa wayarin. Kafin ya kafa sanda sai ya tambayi inda maigidan yake alwala. Ya haƙa rami a nan, ya zuba gawayi da gishiri, ya kafa ta ya rufe. Wai Maigida cewa yake in ka gaya wa mutum ya dinga ba sanda ruwa da rani zai manta, amma ba zai manta da salla ba. Shekara da shekaru mutane suna shayar da sandunansu ba su sani ba.

Yaya ta zauna a kan dutsen. Ta ce, "Ashe ba iska yake nema ba." Ban taɓa ganin ta tsufa ba sai a wannan zaman. Ni kuwa haushi ne ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa. Na leƙa ɗaki na ce, "Kai ma dai, tsoho, shekara nawa kana surutu a gidajen mutane, ka kasa gaya wa matarka abu ɗaya?" Ya lumshe ido, kafaɗarsa ta hagu tana girgiza. Dariya yake yi mini.

Jamalu ya buɗe ramin sosai, ya kankare tsatsa, ya ƙara ɗaure wayar, ya sa aka kawo gawayi da gishiri, ya kwarara ruwa har ƙasar ta ƙoshi. Da aka kawo wuta ya auna da na'urarsa, sannan ya cire takalmi ya dafa firizar da tafin hannu. Ya ce ko wane ruwa ya wadatar, na wanki, na wanke-wanke, a dai dinga zubawa in rani ya yi. Ya sha ruwa da mu, ya yi wa Malam sallama, ya ce zai dinga leƙowa, kuma ya cika alkawari.

Amma Yaya ba ta ji zancen ko wane ruwa ba. Washegari da azahar ta ce in kama mata Malam. Na ce ina za mu kai shi? Ta ce alwala zai yi. Na ce Liman ya ce taimama ta isa, Jamalu ya ce ruwan wanki ya isa, ke wace ce da za ki fi su? Ta ce in kama ko in matsa. Muka ɗaga shi, ni ta hagu ita ta dama, inda nauyin yake, muka ratsa tsakar gida da shi yana jan ƙafa. Ta zaunar da shi a kan dutsensa, ta durƙusa ta wanke masa hannun da ya mutu, ya wanke fuska da mai ran. Da ruwan ya gangara ƙasa ya bi shi da kallo har ya nutse. Ya ɗaga kai ya dubi babban dutsen da gidan ke gindinsa da shirwar da ke shawagi a kansa. Rabon da in ga fuskarsa haka tun yana hawa keke.

Bayan salla Abdulmuhaimin ya zo. Na kai shi gaban firizar na ce ya taɓa. Ya taɓa da bayan hannu, ya taɓa da ciki, ya ga uban nasa zaune a inuwar rumbu ana yi masa aski. Ya ce, "Shi ke nan, Inna, kin ci." Ya koma da motarsa ba kowa a baya. Ranar har ƙanƙara na raba wa unguwa kyauta.

Watannin da suka biyo baya su ne masu daɗin. Malam ya ƙara cin abinci, tsofaffin abokan cinikinsa suna zuwa su zauna da shi a lungun nan, su yi ta zuba yana gyaɗa kai. Sai dai ni ba kullum nake nan ba. Da asuba ina gidana, wani lokacin biki ko rasuwa su ɗauke ni. Na roƙi Yaya in ba na nan ta bar shi ya yi taimama. Ta ce to. Ashe ita kaɗai take ɗaga shi, ta rataya hannunsa a wuyanta, mace mai jikoki, ga kafaɗar da wuta ta taɓa. Na lura tana dafa ƙugu in za ta tashi, na yi magana, ta ce sanyin damina ne.

Wata safiya, an kwana ana ruwa, na shigo na tarar da su biyun a ƙasa a tsakiyar tsakar gida. Santsi ya kwashe ta, ya faɗo a kanta. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, don ta tare shi da jikinta. Ita ta kasa tashi. Abin da ta fara ce mini shi ne kada in gaya wa na Kano. Ban gaya masa ba, amma likita ya ce ƙashin bayanta ya taɓu, kada ta ƙara ɗaukar abin da ya fi buta, kuma irin wannan ba ya ɓoyuwa.

Abdulmuhaimin ya zo, wannan karon ba faɗa a bakinsa. Na riga na shirya masa nawa. Na ce zan dawo gidan da kwana, za mu sa maƙwabci ya dinga kama mana, ba inda za su. Yaya daga kwance ta juya fuska bango ta ce, a gaban ɗan farinta, da bakinta, "Ba za a fitar da shi ba." Yaron ya sunkuyar da kai. Ya matsa kusa da katifar ubansa ya ce, "Baba, na bari. Ku zauna. Haka kake so, ko?"

Malam Dogara ya girgiza kai.

Muka ɗauka bai fahimta ba. Yaron ya sake tambaya a hankali. Ya sake girgiza kai. Ya miƙa hannun hagu ya dafa bayan Yaya, daidai inda ya taɓu, ya bar hannun a nan. Sannan ya ɗaga shi ya nuna ƙofar zaure, inda motar take tsaye. Ya san matarsa. Ya san muddin dutsen nan yana bayan rumbu, ranar da ta iya miƙewa za ta sake ɗaukarsa.

Yaya ta ce, "Malam, gidanka ne fa." Ya rufe ido bai buɗe ba sai da ta daina magana.

Ranar tafiya ni da Jamalu muka kai shi lungun ya yi alwalar azahar. Ya daɗe a zaune bayan ya gama, ba wanda ya ce ya yi sauri. Jamalu ya zare fis ɗin gidan ya ajiye a kan akwatin. Yaya ta ba ni makulli ta ce wata biyu ne, da zarar bayanta ya warke za su dawo. Na ce Allah ya sa. Da motar ta tashi bai waiwayi gidan ba, ni ya kalla, ni kuma na rasa abin tsokanar da zan faɗa.

Ya ga daminar, ya ga ta bayanta, yana nan da ransa a gidan sama. An ce akwai mai yi masa gashin ƙashi, akwai keken guragu, jikoki suna hawa jikinsa. Alwala a roba ake yi masa, a zubar a bututu. Bayan Yaya ya yi sauƙi amma ba wanda ya ƙara tayar da zancen dawowa, ita ma ta daina.

Ni dai makulli yana hannuna. Gidan ba wuta, firiza a buɗe take da kara a bakinta don kada ta yi wari, ba abin da zai ja kowa. Na san da haka, Jamalu ma ya gaya mini. Duk da haka in an kira salla nakan ɗauki butata in zagaya, in buɗe zaure, in zauna a kan dutsen. Ranar Juma'a Yaya takan kara masa waya a kunne in ce masa ƙasarsa da laima. Numfashinsa kawai nake ji, sai ta karɓa ta ce ya ji. In rani ya tsananta nakan ƙara buta ɗaya.